Ƙahon da Bai Yi Ruwa Ba

A ajin kiɗa na ƙaramar sakandaren su Auta akwai abin da yara suke kira kifi. Idan ranar wasa a gaban iyaye ta matso, kuma akwai yaron da har lokacin bai iya busa waƙar ba, Malam ba ya cire shi daga layi. Sai ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ka ɗora ƙahon a baki, ka riƙa motsa yatsu tare da kowa, amma kada ka hura." Yaron zai zauna cikin 'yan'uwansa da farar riga, kumatu a kumbure, uwarsa tana ta tafi daga baya, alhali ko sauro bai tayar ba. Malam yana ganin wannan jinƙai ne. Yara kuwa abin tsokana suka ɗauke shi, kuma sun san yadda ake kama kifi. Ƙahon tagulla, in ana hura shi da gaske, numfashi yana taruwa a cikinsa ya zama ruwa, dole mai busa ya riƙa danna wani ɗan maɓalli a ƙasa yana zubarwa. Saboda haka da an tashi daga wasa sai su bi kujeru suna duba ƙasa. Duk kujerar da gabanta yake a bushe, mai ita ya shiga uku har ƙarshen zango.

Auta ta taɓa yin kifi a shekararta ta farko. Yayanta, wanda shi ma a hannun Malam ya fara busa, ya zo kallo ranar. Shi bai ma duba ƙasan kujera ba, wuyanta kawai ya kalla. A hanyar gida, da suka kusa ƙofa, ya juyo ya ce mata:

"Auta, gara ki yi kuskure duk ɗaki ya ji, a yi miki dariya a gama. Wanda ya ɓata waƙa gobe zai gyara. Wanda ya yi shiru me zai gyara?"

Duk hutun nan a bayan shagon ɗinkin babansu suka yi shi, tsakanin buhunan ƙyalle, yana tallafe mata ƙaho tana hurawa, har mai askin da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ya ce in akuyar nan ba za ta haihu ba a yanka ta kowa ya huta.

Yanzu Yaya yana jami'a, kiɗan yake karanta, kuma yana cikin 'yan badujalar jami'ar. Ba da sauƙi aka kai nan ba. Baffanninsa sun yi ta sintiri gidan, suna cewa yaro mai ƙwaƙwalwa irin wannan ba a barinsa ya ƙare a busa. Baba mutum ne da ba ya musu da kowa. Ko mai kaya ya rantse bai ce a sa masa aljihu ba, alhali ya ce, sai ya ɗauki reza ya farke ɗinkin ba tare da ya ɗaga kai ba. Amma a kan wannan maganar ya kafe. Ya ce shi bai zaɓi keken ɗinki ba, tashi ya yi ya gan shi a gabansa, don haka yaron nan a bar shi ya zaɓa. Tun daga ranar babban Baffa ya rage zuwa gidan, in ma ya zo sai ya tambaya, yana murmushi, "Yaya labarin mai busa?"

Da Malam ya sanar cewa jami'a ta gayyaci ajinsu kallon wasan ƙarshen zango, kuma ana son wani daga cikin iyaye ya raka su, Auta ba ta zaci Baba zai yarda ba, mutumin da ko zazzaɓi ba ya sa shi rufe shago. Amma Yaya ya kira ta a wayar Mama ya ce, "Ki tabbata Baba ya zo. Kuma ke za ki zauna kusa da shi, kin ji ko? Ke, ba wani ba." Ta ɗauka ɗoki ne. Ranar kuwa tun da hantsi Baba ya sa kwaɗo a shago, ya goge rigar da ya ɗinka wa kansa ya ajiye bai taɓa sawa ba.

A cikin bas yara sun cika wuri da surutu. Ƙawar Auta, mai kaɗa ƙaramar ganga, wadda ake kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ta juyo daga kujerar gaba.

"Baba, yau in Yaya ya busa sai ka yi mana rawa."

"Ke dai bari in ji shi tukuna, 'yar nan. Rawa ai sai da gwiwa, tawa kuwa fedar keken ɗinki ta gama da ita."

"Sai mu riƙe ka ni da Auta."

"Ku da ko ganga ba kwa iya ɗauka sai kun yi nishi?"

Aka yi dariya, Rediyo ta juya ta ci gaba da damun na gabanta. Baba ya sunkuyo wajen Auta ya rage murya.

"Kin san kunnena, keke ya cinye shi. Mutum biyu ma in suna magana lokaci ɗaya ba na rabewa, balle taron ƙahoni. Idan muryar nasa ta fito, ki taɓa ni a gwiwa. Kada in je in dawo Baffanki ya tambaye ni me na ji, in ce hayaniya."

"Zan taɓa ka, Baba."

"Kada ki ga kallo ki manta da ni."

"Ba zan manta ba."

Ɗakin taron jami'ar ya fi duk makarantarsu girma. 'Yan makaranta a saman bene aka zaunar da su, layin farko, a bayan wani ƙarfe mai sanyi da yara suka yi ta jingina haɓa a kai har sai da Malam ya harare su. Daga nan sama komai a fili yake: kujeru a jere kamar rabin wata, ƙarafan ɗora takarda, katakon dandamali da aka goge yana sheƙi a ƙarƙashin fitilu. Makaɗa suka shigo cikin baƙaƙen kwat. Yaya yana layin baya, cikin masu ƙaho, kusa da wani gajeren saurayi mai ƙiba da tabarau.

"Ga shi can," in ji Baba. Ya ƙura ido, sannan ya yi tsaki. "Wa ya ɗinka musu kwat ɗin nan? Dubi yadda kafaɗa ta zube. An cuci yadi."

Wani dattijo mai sanƙo ya fito da 'yar siririyar sanda, aka yi tafi, ya juya musu baya ya ɗaga hannu. Sai kiɗa ya tashi.

Yaran ba su taɓa jin irinsa ba. Su abin da suka sani shi ne ƙarar ajinsu, inda kowane ƙaho yake neman hanyarsa shi kaɗai kamar kajin da aka watsa. Wannan kuwa abu ɗaya ne, mai nauyi, ya taso daga ƙasa ya daki ƙarfen da suka jingina a kai har suna jin rawarsa a ƙirji. Rediyo ta buɗe baki ta manta ba ta rufe ba. Wani yaro a ƙarshen layi yana motsa yatsu a kan cinyarsa bai ma san yana yi ba.

Auta ta rufe ido tana neman yayanta. Ta san muryar ƙahonsa kamar yadda ta san tarinsa daga bayan ƙofa: tana farawa da ɗan dusashewa, sannan ta buɗe. Ta bi sautin ɗaya bayan ɗaya ba ta same ta ba. Ta ce a ranta, yawa ne, a cikin taro ba a jin mutum ɗaya. Sai ta buɗe ido ta dube shi.

Yatsunsa suna tafiya daidai, ba ko ɓata ɗaya. Ƙahon yana bakinsa, gwiwar hannu a ɗage yadda ya koya mata. Amma gajeren da ke gefensa jijiyoyin wuyansa sun tashi, goshinsa ya fara naso, kuma duk inda layin ya ja numfashi kafaɗunsu tare suke ɗagawa. Kafaɗar Yaya ma tana ɗagawa, sai dai a makare, kamar mai kallon na kusa da shi kafin ya yi. Wuyansa a kwance yake.

"Ya fito?" Baba ya raɗa mata.

"Tukuna, Baba. Nan duk tare suke yi."

Can aka zo inda masu ƙaho suke hutawa sarewa tana tafiya. Duk layin suka sauke ƙahoninsu, kowa ya danna ɗan maɓallin nan ya hura, ɗigon ruwa yana ƙyalli a cikin haske kafin ya faɗi. Yaya ma ya sauke nasa, ya danna, har da girgizawa. Ba abin da ya fito. Ta ce wataƙila ba ta gani da kyau ba. Ta jira hutu na gaba, ta sake jira. Kafin a kai rabin wasa, gaban kowace kujera a layin ya yi ɗan baƙin tabo a kan katako. Gaban tasa kamar yanzu aka share.

Da aka ba da hutu yara suka ruga neman banɗaki. Baba ya ce shi ba inda za shi, kada wani ya zauna masa a kujera. Auta ta tarar da Malam a bakin matakala yana ƙirga kawunan masu sauka. Ta tsaya kusa da shi. Shi ma bai dube ta ba.

"Kin gani ke nan," ya ce.

"Malam, me ya same shi?"

"Ban sani ba, Auta. Ni ma yau na gani, kamar ke." Ya tare wani yaro da ke neman zamewa a kan ƙarfen matakala, ya mayar da shi, sannan ya ci gaba. "Abin da na sani, babanki ya rufe shago ya zo. Wanda ya zo da yunwa ba a nuna masa ƙasan tukunya. Ki bar shi ya koma gida da abinsa. Gobe ma rana ce."

"Ya ce in taɓa shi idan Yaya ya busa."

Malam ya ci gaba da ƙirga kawuna.

"To ki taɓa shi. Ba a kanki aka fara rufin asiri ba."

Malam ba mugu ba ne. Ya shekara da shekaru yana zaunar da yara a layi don kada iyayensu su koma gida da kunya, kuma babu uwar da ta taɓa zuwa ta ce ya cuce ta, tunda babu wadda ta sani. Irin wannan alheri ba a taɓa kai ƙararsa, shi ya sa mai yinsa yake tsufa bai taɓa tambayar kansa ba. Auta dai ba ta yi wannan dogon tunani ba. Ta ji babba ya ɗauke mata kaya daga ka, ta kuma ji daɗin hakan.

Bayan hutu ƙananan ƙungiyoyi aka fara da su. Masu goge suka fito suka yi wata waƙa mai sanyi da ta sa wasu yaran hamma. Masu sarewa suka biyo baya, sannan masu ganguna, inda Rediyo ta dawo hayyacinta ta yi ta cewa wannan ai ita ma za ta iya in an ba ta sanda mai kyau. Duk ƙungiyar da ta fito sai Baba ya leƙa ya ce, "Nan babu shi ko?" Ta ce babu. Ya ce, "To, ba komai." Ya gyara zama.

Da dukan badujalar ta dawo domin waƙar ƙarshe, Baba ya matso da gwiwarsa har tana gogar tata, wai kada ta yi nisa da hannunta.

"Auta, an kusa tashi fa."

"Na sani, Baba."

Waƙar ta yi ta hawa tana sauka. Can sai ganguna suka yi tsit, manyan ƙahoni suka koma gurnani a ƙasa-ƙasa, mai sanda ya miƙa hannun hagu wajen layin baya. Ƙaho biyu suka ɗaga sama, na gajeren da na Yaya. Wata murya ta fito ita kaɗai, siririya, mai tsabta, tana tafiya a hankali kamar mai sallama da gida yana waiwaye. Babu dusashewa a farkonta. Ta gajeren ce, ko a mafarki Auta ba za ta rikita su ba.

Ta dubi Baba. Ya tattara duk fuskarsa wuri ɗaya yana saurare, irin yadda yake yi in yana zura zare a allura da magariba. Hannunta ya tashi ya sauka a kan gwiwarsa.

Bai juyo ba. Ya ɗora hannunsa a kan nata ya danne, ya rufe ido. Leɓunansa suna motsi suna bin waƙar. Da muryar ta kai can sama ta tsaya, ta ga ruwa ya gangaro ta gefen hancinsa ya ɗiga a kan sabuwar rigar, bai share ba. Da aka gama shi ne ya fara miƙewa a duk benen.

A waje rana ta yi sanyi. Makaɗa suna fitowa ta ƙofar gefe da akwatunan kayansu, iyaye da abokai suna tare su a kan ciyawa. Yaya ya fito a ƙarshe, a hankali, kansa a ƙasa. Da ya hango su ya tsaya cak, yana duban fuskar Baba daga nesa kamar mai jiran hukunci. Baba ya ƙarasa wurinsa da sauri, ya kama kafaɗunsa.

"Na ji ka."

"Baba?"

"Na ji ka da kunnen nan nawa. Ƙanwarka ta nuna mini. Inda kowa ya yi shiru." Sai ya shiga rera waƙar da hanci, a karkace, yana kaɗa yatsa. "Ba haka ba ne? Allah ya yi maka albarka. Daga nan ba gida za ni ba, gidan Baffanku zan sauka. Yau sai ya ji labarin mai busa."

Yaya ya dubi Auta ta saman kafaɗar Baba. Ita ta zaci za ta ga godiya. Abin da ta gani sai ya sa ta ji kamar ta taka matakalar da babu ita.

"Amin, Baba," ya ce.

Baba ya ja wuyan kwat ɗin, ya juya shi ya duba ɗinkin ciki, ya ce in an yi hutu a kawo masa ya rage kafaɗar. Sannan ya hango mai sanda yana gaisawa da Malam, ya ce bari ya je ya yi wa dattijon godiya, ba a cin alheri a goge baki. Ya bar su su biyu a gindin wata bishiya.

"Me kika yi?" Yaya ya tambaya. Ba da faɗa ba.

"Me ya same ka?"

Ya ajiye akwatin ƙahon a ƙasa ya taɓa leɓensa na sama da yatsa.

"Wannan ne. Tun farkon zango. Da ƙarfen ya taɓa shi sai ya hau rawa, kamar ba a jikina yake ba. Ina cin abinci, ina magana, har fito ina yi. Busa ce kawai ya ƙi. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba, amma da ka ji yadda ya faɗa ka san wanne ya fi ƙarfi. Malamanmu sun ce in nemi wani fannin in koma. Mai sanda ne ya ce yau in zauna, layi ya cika, in yi sallama da kujerata."

"Shi ne ba ka gaya wa Baba ba?"

"Na ɗauki waya ya fi a ƙirga. Da ya ce yaya busa, sai in ji bakina ya ce lafiya lau." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Sai na ce bari in kawo ki. Ke ba za ki kasa gani ba. Kuma ke ba ki iya ɓoye abu ba, ko alewa kika sata sai kin kai ƙarar kanki. Na ce za ki gaya masa tun a can sama, kafin ya sauko ya riga ya sani, ni nawa kawai in sunkuyar da kai."

"Ai ba ka ce in faɗa ba."

"Ban ce ba."

"Cewa ka yi in zauna kusa da shi."

"Haka na ce."

"Malam kuma ya ce..."

"Na san abin da Malam zai ce."

Idonta ya cika, amma haushi ya fi kukan yawa. "Kai ne fa babba, Yaya. Kai ka ce mini gara a yi kuskure kowa ya ji."

"Ni ne babba," ya ce. "Faɗa wa wani da sauƙi, Auta."

"To yanzu fa?"

Ya dubi inda Baba yake, ya riƙe hannun mai sanda da hannu biyu yana ta magana, dattijon yana gyaɗa kai yana kallon takalminsa.

"Yanzu ya ji ni. Kin ga fuskarsa. Ta ina zan fara? A bari sai hutu."

Direba ya danna oda. Malam ya fara kiran yara. Yaya ya ɗauki akwatinsa, ya raka su har bakin bas, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya shafa kan Auta bai dube ta ba.

A cikin bas kowa yana magana lokaci ɗaya. Rediyo tana kwaikwayon mai sanda da biro, wani yana rantsuwa daga gobe ba zai sake fashin koyo ba. Malam a gaba ya juyo ya dubi Auta, ya gyaɗa mata kai, irin na an yi daidai. Baba yana gefen taga yana ta rera waƙarsa.

"Nan wurin ne nake ɓacewa. Bayan ta hau, sauka take yi ko ƙara hawa? Gyara mini, kada in je gaban Baffanki in yi abin kunya."

Auta ta ga abin da zai biyo baya kamar a tafin hannu. Yau Baffa, gobe mai aski, jibi duk wanda ya kawo ɗinki. Kafin hutu babu wanda bai ji waƙar ba a layinsu. Ranar da gaskiya ta fito kuma, ba Yaya kaɗai za a yi wa murmushi ba. Mutumin nan ne zai zauna a bayan kekensa ya tuna duk inda ya rera ta, da wanda ya rera wa. Kuma ita ce ta ɗora masa.

Bas ta fara tafiya a hankali cikin harabar jami'a, tana hawa tudun rage gudu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba."

"Na'am. Sauka ko hawa?"

"Ba Yaya ba ne."

Ya sunkuyo da kunnensa. "Me kika ce? Yaran nan sun cika wuri."

Dole ta sake faɗa, da ƙarfi fiye da yadda take so, bakinta dab da kunnensa. Ta ce ba Yaya ba ne ya busa. Ta ce tun da aka fara har aka gama bai hura ba. Ta gaya masa maganar leɓe, da ta likita, da ta kujera. Ta ce ita ta sani tun kafin ta taɓa shi. Tana faɗa tana kallon bayan kujerar gabanta, inda wani ya taɓa kankare fenti da makulli.

Baba ya ɗauke kunnensa daga bakinta. Ya janye ya jingina da taga. Hannunsa ya kama gefen rigarsa yana murza ɗinkin da babban yatsa, daga sama zuwa ƙasa, ya dawo. Ta jira ya yi faɗa, ko ya ce don me, ko ya kira ta maƙaryaciya. Da ya yi hakan da ta fi samun sauƙi.

"Tun farkon zango?" ya ce daga baya.

"Haka ya ce."

"Shi kaɗai yake ɗauke da shi."

"E."

Suka wuce ɗakin karatu, suka wuce filin ƙwallo. Ƙofar fita ta bayyana a gaba, masu gadi suna zaune a kan benci.

"To wanda na ji, na waye?"

"Na gajeren nan ne mai tabarau, na gefensa."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Ubansa ya zo?"

"Ban sani ba, Baba."

"Allah ya sa ya zo. Yaron ya iya."

Ya miƙe, yana riƙe kawunan kujeru, ya ratsa yaran har gaba. Ya ce wa direba ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. Malam ya tashi rabi yana tambaya ko lafiya, ko an manta wani abu ne.

"Lafiya lau, Malam. Ka sauke mini ita a gida, ka ce wa uwarta zan yi dare."

Malam ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai. Ƙofa ta buɗe, Baba ya sauka da ƙyar, ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Bai waiwayo wajen tagarta ba, kuma ba ta san ko fushi ne ko hankalinsa ne ya riga ya yi gaba. Bas ta fita ta hau titi. Auta ta juya ta durƙusa a kan kujera tana leƙe ta gilashin baya. Ta hango shi yana komawa ta gefen filin ƙwallo, a ƙafa, hanya mai nisa, ya tsayar da wani ɗalibi yana tambaya, ɗalibin yana nuna masa wajen ɗakunan kwana.